Fallen sifirin da maigidana ya ƙara wa motarsa

Assalamu alaikum Anti Ummusalma. Don Allah ki taimaka mini da shawara, ko da za ki ga matsalar tawa kamar ta gareji ce ba ta filinki ba. Karatuna bai yi nisa ba, ki yi haƙuri da yadda zan zubo maganar.

Maigidana, wanda 'yan kasuwar Farin Gada ke kira Oga Jika, ya rasu bara bayan gajeriyar jinya. Ya bar mana a-kori-kurarsa, wadda ya yi shekaru yana ɗauko dankalin turawa da kabeji da ita daga Bokkos. 'Yata ta biyu, Madina, ita ta karɓi makulli. Shi ya koya mata tuƙi, kuma wallahi idan ta shigo layinmu da kaya har sama, nakan fito ƙofar gida ne kawai don a gan ni a ce ga uwarta.

To, tun da ta fara tuƙin motar take ja zuwa dama. Da ta ɗan sassauta sitiyari sai ta nufi lambatu. 'Yan unguwa suka ce motar ce ke takaba, ba ta son hannun kowa sai na mai ita. Maganar ta yi mini daɗi, amma na san ƙarfe ba ya kuka.

Ni na zauna kusa da mutumin nan a mota fiye da yadda na zauna da shi a ɗaki, kuma duk abin da yake dubawa ina kallo. Sai na ce bari in bi sawunsa. Muka je wajen mai faci aka daidaita iskar tayoyi, ba ta daina ba. Muka ɗaga gaba da jak, na kama taya na girgiza ta hagu da dama, babu wasa, ke nan tayarod, sandar da ke haɗa taya da sitiyari, lafiya take. Na girgiza sama da ƙasa, na ji ɗan ƙwas-ƙwas. Muka kai wa amininsa Natana'el, bakanike a Nasarawa Gwom, ya ce na yi daidai, boljoyin ne, gaɓar da taya ke juyawa a kai, ya canja. Ƙarar ta tafi, jan bai tafi ba. Na danna kowace kusurwar motar na saki, ba ta yi ta rawa ba, ke nan shokozoba, masu shanye girgiza, da sauran ƙarfinsu.

Ran nan motar tana tsaye a gidan mai, kan shimfiɗaɗɗen siminti, na hango ta daga baya ta ɗan karkace. Na cire gyalena na auna daga ƙasa zuwa bakin bodi. Ɓangaren direba ya fi ɗayan tsawo da kusan yatsu uku. Na durƙusa na leƙa sifirin na baya, waɗannan fallayen ƙarfe da ke ɗauke da nauyin mota. Na hagu ya fi na dama da falle ɗaya.

Nan na tuna. Anti, maigidana ƙato ne, tubarkalla. Idan ya shiga mota sai ta kwanta ɓangarensa, abokansa na tsokanarsa wai shi kaɗai buhu uku ne. Shi ya ƙara fallen nan da hannunsa a ƙofar gidanmu, ina miƙa masa sifana, yana cewa ya yi wa motar awo kamar tela. Madina kuwa siririya ce kamar sillen kara. Na yi dariya a gidan man nan har na koma kuka.

Yanzu buhun yashi biyu muke ajiyewa a bayan kujerarta, jan ya ragu. Natana'el ya ce a cire fallen, ya ma fi son a sa sabon sifirin hagu da dama. Ni kuma na kasa cewa to. Aikin hannunsa ne, awon jikinsa ne. Madina ba ta ce komai ba, amma ina ganin yadda take murza kafaɗa idan ta dawo. Ga damina ta kama, hanyar kuma kin san ta. In bar shi da yashin, ko in bari a cire?

Matar direba, Dutse Uku

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa ya huta.

Da farko ki riƙe alfaharinki, kin cancanta. Kin bi matsalar daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ba ki tsaya a maganar 'yan unguwa ba. Kuma ban ga laifinki ba da kika kasa cewa to. Wanda ya yi rashi ya san yadda ƙaramin abu ke zama babba.

Amma a cire shi. Na tambayi masu sana'ar kafin in ba ki amsa. Yashin ya rufe matsalar ne, bai warkar da ita ba. Buhu na iya gocewa a kwana, nauyin kaya kuma kullum canjawa yake. Motar da ɓangare ɗaya ya fi tauri tana cin taya, kuma ranar da aka taka birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙen titi ba ta tsayawa a miƙe. Ki bi shawarar Natana'el, a daidaita sifirin biyun, ya duba kusoshin da ke riƙe da su, sannan a kai ta a saita ƙafafun gaba. Kada ta sake zuwa Bokkos kafin a gama.

Ki kuma lura da shirun Madina. Ina zaton ta san amsar tuntuni, tana jin nauyinki ne, tana biya da kafaɗarta. Ki zaunar da ita ki faɗa mata da bakinki cewa kin amince.

Maigidanki bai ɗauki motar a matsayin abin da ba a taɓawa ba. Ya ga ba ta dace da direbanta ba, ya gyara. Yau direban ya canja. Fallen kuwa naki ne, ki kawo shi gida ki adana. Ranar aikin ki je garejin, ki tsaya a kai yadda kika saba.

Allah ya tsare mana Madina a hanya, ya sanyaya miki zuciya.

Anti Ummusalma