Ragowar Jinin Baba

Yamai, farkon Fabrairu

Zuwa ga Yaya Sha'aibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata Baba da Inna da duk mutanen Garhanga kuna lafiya. Yaya jikin ɗiyarka Rahila? Allah Ya sa sanyin nan bai tayar mata da ciwon ƙashi ba.

Ka tambayi labarin jinin da muka ɗiba a gida lokacin kaka. Yana nan a daskare cikin firigon jami'a, kowa da 'yar kwalbarsa. Ya fi mu jin daɗi, don shi kaɗai ake tayar wa da inji in an ɗauke wuta. Mashin ɗin da zai karanta gadon da ke cikinsa ma ya iso. An kira manya, an sha lemo, an ɗauki hoto. Washegari aka lulluɓe shi da zane kamar amarya, domin ruwan magungunan da yake aiki da su ba wanda ya tuna ya yi odarsu. Ni da na ƙare ƙuruciyata wajen koyon lissafin gadon jini a odinatar, wato kwamfuta, aikina yanzu kaɗe masa ƙura.

Ka gaya wa Baba ban manta ba. Ranar da gari ya ƙi ba mu jini, shi ya fara miƙa hannu saboda amosanin jinin Rahila, sannan sauran gidaje suka biyo shi. Sharaɗinsa guda ne: abin da ya fita daga jikin ɗan gidanmu, ko gashi ko akaifa, ba ya tabbata a baƙon wuri. Ragowar jinin za ta dawo a binne ta gindin aduwa, inda cibiyarsa take. Na yi alkawari gaban kowa, shugabanmu Farfesa Mahamud yana tsaye yana gyaɗa kai.

A gaida kowa da kowa.
Ƙanwarka, Rahinatu

Garhanga, watan Maris

Rahinatu,

Sallama da gaisuwa. Takardarki ta iso hannun Ilyasu direba. Rahila ta kwanta, ta tashi, mun gode Allah.

Baba ne ba lahiya. Mun kai shi gidan likita na Keita, sun ce zuciya ce. Abinci sai an matsa mishi. Maganarshi guda: "Rahinatu ta aiko?" Liman ya zo ya ce mishi wagga al'adar kakanni ce, Allah bai ɓatan jinin bawanSa ko ina yake. Baba ya ce ya yarda, amma shi dai ya hi son ya kwanta cikakke. Na ce mishi mashin ɗinku bai tashi ba tukuna. Ya ce to in mashin ba ya sha, a maido mishi abinshi.

Ki aiko. Ba ni da wata magana.

Yayanki, Sha'aibu

Yamai, ƙarshen Maris

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Allah Ya ba Baba lafiya.

Ka karanta wannan kai kaɗai.

Da na ga takardarka na je na buɗe firigo. Ba komai a wurinmu sai ƙanƙara. Na sami Farfesa a ofis, ya ba ni kujera, ya ce a kawo mini ruwan sanyi, abin da bai taɓa yi ba. Ashe tun watan jiya an zuba kwalaben cikin akwati an sa a jirgi, zuwa wurin abokan aikinmu na Turai, su da mashin ɗinsu ke da abinci. Jinin Baba ya sami biza, Yaya. Ni sau biyu ana hana ni.

Na tuna masa alkawari. Ya ce, "Madam Rahinatu, ke fa masaniya ce. Kada ki bari ƙauye ya yi miki magana a baki." Na ce ranar da yake gyaɗa kai gindin aduwa, a ƙauyen yake tsaye. Ya yi murmushi, ya ce za a sa sunana cikin marubutan sakamakon, na uku ko na huɗu.

Na rubuta wa Turawan. Sun ba da amsa da ladabi ƙwarai. Dokarsu ba ta yarda jini ya koma ba: ko a adana shi don binciken gaba, ko a ƙone. Sun bar mini zaɓi. Sun kuma aiko mini abin da suka karanta, haruffa ne jere ba iyaka. Baba yana nan cikin odinatar ɗina, ina iya gaya maka daga wane gefe ciwon Rahila ya biyo. Maganinsa ne babu, kuma ban san yadda ake binne haruffa ba.

Ilyasu zai ba ka kula da ƙanƙara, a ciki akwai kwalba. Jinina ne, da safen nan na ɗiba. A ilimin da kuka tura ni in koyo, rabinsa na Baba ne, wannan kam ba ƙarya a ciki. Ɗaya rabin na Inna ne, ita kuwa ba ta taɓa ƙin kwana kusa da shi ba. Abin da za ka faɗa masa ya rage gare ka. Na san na ɗora maka kaya, kai ne babba.

Ka yafe mini.
Rahinatu

Garhanga, watan Afirilu

Rahinatu,

Sallama. Baba ya rasu ranar Jumma'a, bayan la'asar. Allah Ya jiƙan shi, Ya ba mu haƙuri.

Kwalba ta riske shi da rai. Ya riƙe ta ga hannu, ya ce, "Nawa ne?" Na ce naka ne. Ni na gina ramin, yana zaune bisa tabarma yana kallo. Ya sa miki albarka gaban mutane, ya ce boko bai cinye mishi ɗiya ba.

Mutane sun ji, kuma sun gani. Tun ranar zaman makoki suke tare ni. Gidan Takawa na son nasu, da gidan Jima, da duk wanda ya miƙa hannu bayan Baba. Na ce su bari ki zo gaisuwa.

Ban san yawan jinin da ke jikinki ba.

Sai kin zo.
Sha'aibu