Shaidu Biyu da Koren Tambari

Zuwa ga Manajan ofishin da ke karɓar littattafan komik domin tantancewa, Dubai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, tun yaushe sa hannun mutum a kan aikinsa ya zama ɓarna?

Ni ma'aikacin sito ne a unguwar Al Qusais, kwali nake ɗauka. Makaranta ban wuce firamare ba. Ɗan karatun da nake da shi a teburin masu tsofaffin littattafai na Sabon Gari na tsince shi, cikin labaran nan masu zane da ake kira komik, ina bin hoto ina lalubo kalma. Don haka kada wani ya ce ban san abin da nake magana a kai ba.

Ga wanda bai san harkar ba: a kawo muku littafi, ku aika a duba lafiyarsa, a ba shi maki, a rufe shi cikin gidan roba, a sa tambari a sama. Shuɗi na littafin da ba a taɓa ba ne. Ruwan ɗorawa na wanda mai zanen ya sa wa hannu a gaban shaida. Kore na mai aibi. Masu saye kuwa launi suke fara kallo kafin maki.

Ina da wani tsohon komik da na taho da shi daga gida. Wani mai shago a unguwar Abu Hail ya taɓa yi mini tayin da zai biya mini makarantar koyon mota har in karɓi lasin, in bar ɗaukar kwali in koma direba. Na ce ya dakata, domin na ji mai zanen da kansa zai zo baje kolin komik, kuma sa hannunsa yana ƙara kuɗi in akwai shaida.

To, ni Bakano ne. In aka ce shaida, adalai biyu na sani. Da su ake ɗaura aure, da su ake sayar da gida. Na roƙi Malam Habu, akanta, wanda ke jan mu salla a gidan da muke haya, da Baba Yakubu, dattijo ɗan Gana mai gadin sitonmu. Tsohon nan ya bar hutunsa ya tsaya layi cikin samari masu shigar dodanni, yana ta salati. A kan idonsu mai zanen ya sa hannu. Daga nan teburinku na wajen baje kolin na nufa, tawada ko bushewa ba ta gama yi ba.

Littafina ya dawo da maki mai kyau, da koren tambari, an rubuta wai "an yi rubutu a bango". Rubutu! Kamar wani yaro ne ya samu biro ya yi wasa. Mai shagon Abu Hail ya kalle shi sau ɗaya, ya ce khalas, wato shi ke nan, ko rabin tayin farko ba zai ba da ba.

Ga ƙorafina.

Na farko, ma'aikacinku da ya karɓi littafin ya ga sa hannun, ya ga dattawan nan biyu, har na gabatar masa da su a matsayin shaiduna. Ya yi murmushi, ya ce yalla habibi, wato mu je masoyi, ya karɓi kuɗin aiki. Me ya hana shi gaya mini cewa shaidar da kuke nufi wakilinku ne kaɗai, wanda ake biya tun kafin a shiga layi? Ko allo ɗaya ban gani ba a bakin layin da ke faɗin haka.

Na biyu, na zauna na yi wa dokarku adalci. Akwai masu kwaikwayon sa hannu, kuma mai saye a wata ƙasa bai san Malam Habu ba. Wannan na yarda. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ku jefa sa hannu na gaskiya da zanen ɓarna cikin launi ɗaya. In ba ku tabbatar ba, ku ce ba ku tabbatar ba. Kore a idon kasuwa hukunci ne, kun kuma san haka. Saurayin da ke bayana a layi, irin littafina ne a hannunsa, alƙalami ɗaya, hannu ɗaya. Nasa ruwan ɗorawa ne, don shi ya biya wakilinku. Ashe ba littafin ake saye ba, 'yar takardar da ke samansa ce.

Na uku, Baba Yakubu ya tambaye ni ko wani abu aka gani a halinsa da aka ƙi shaidarsa. Da gaske yake tambaya. 

Tawada dai ba ta goguwa, shuɗin tambari ya wuce ni har abada. Abin da nake nema shi ne ku sake duba sa hannun da ƙwararrunku, a sauya mini tambari in ya tabbata, sannan ku kafa sanarwa a bakin kowane layi, da harshen da ɗan sito zai gane.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a kasuwancinka, ya kare ka daga cin haƙƙin na ƙasa da kai.

Amma kada a kira ni gefe a lallashe ni da rangwame. A shafinku da kuke tallar baje koli, a gaban kowa, nake son amsa da sunanka a ƙasa: ma'aikacinku ya san abin da zai faru da littafina lokacin da ya miƙa hannu ya karɓa, ko bai sani ba?

Wassalam.

Nazifi Ɗanlami,
Al Qusais.