Wa Zai Yanka Akuyar Kirsimeti

Azare, 3 ga Disamba

Ɗana Isra'ila,

Gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da matarka da yara.

Na sayi akuyar Kirsimeti a Gadau. Ka san shekara ashirin ke nan maƙwabcinmu Malam Babayo ke yanka mana, don Musulmin unguwa su iya cin naman tare da mu. To, jiya matan zumuntar coci sun zo sun zaunar da ni. Kande ta ce, "Laraba, wata huɗu kacal da kashe Ɗanboyi a gonarsa, ki miƙa wa Bafulatani wuƙa a tsakar gidanki? Ashe ba ke kika haife shi ba?" Ko abinci ba na iya ci. Ka gaya mini yadda zan yi.

Ni ce mahaifiyarka,
Laraba

Jos, 11 ga Disamba

Mama,

Ina gaishe ki da ladabi. Ni na wanke gawar ƙanena, ke ba ki ga abin da na gani ba. Ban ce Malam Babayo ne ya yi ba. Amma ba zan iya tsayawa ina kallon wuƙa a hannunsa ba, naman ma ba zai shiga bakina ba. Ki jira ni, ni zan yanka. In kuwa shi kika zaɓa, ki sanar da ni da wuri, kada in ɗauko yara mu yi tafiyar banza.

Ɗanki,
Isra'ila

Azare, 18 ga Disamba

Ɗana,

Ina gaishe ka. Na karanta wasiƙarka sau uku.

Malam Babayo ya yi sallama shekaranjiya, bai ko yarda ya zauna ba. Ya ce, "Maman Isra'ila, na ji abin da ake faɗi. Bana ki bari kawai, wallahi ba zan riƙe ki a zuciya ba." Yana magana yana kallon ƙasa, kamar shi ya yi laifin. Mutumin da ya raka ni har tasha ranar da mugun labarin ya zo, matarsa Zulaiha ta yi mako tana girka mini.

In kai ka yanka, ba kwanon da zai shiga gidajensu. Da Sallah su ma za su ji nauyin aiko mini. Daga nan sai gaisuwa ta tsaya, ni kuwa a cikinsu nake zaune. Ni ma tsoro nake ji, Isra'ila. Amma na durƙusa na yi addu'a, na kasa samun inda Ubangiji ya ce in ɗora wa wannan tsoho jinin da bai zubar ba. Na ce masa ya zo da wuƙarsa.

Don Allah ka zo. Ko ba ka ci ba, ka zo.

Mahaifiyarka,
Laraba

Azare, 27 ga Disamba

Ɗana,

Ina gaishe ka. An yanka. Sai da Malam Babayo ya tsaya ya share ido.

Kwanukan da na aika gidajen Musulmi duk an karɓa. Na Kande da wasu biyu sun dawo a rufe. A coci benci guda ni kaɗai, sai Mariyamu da ta matso kusa da ni ana tsakiyar waƙa.

Na je tasha sau biyu. Ban yi fushi da kai ba. In har da bikin Ista ma ba za ka iya zuwa ba, ko yaran ka turo mini.

Allah ya tsare ka.
Mahaifiyarka,
Laraba