Goyon Ƙirji

Malumfashi,
Ranar Talata.

Yaya Kulu, ya kama nono! Yaron 'yata Mansura ya kama nono da bakinsa jiya da hantsi, ba cokali, ba roba a hanci. Ina tsaye bayan labule nas ta kira ni, ta ce Baba matso ka ji. Na kasa kunne na ji yana haɗiya a hankali. Na zauna a kan siminti na yi ta kuka da furfurata, ban damu da masu wucewa ba.

Kin ga ban ma gaishe ki ba. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya. Ya ciwon gwiwa, ya Alhaji da yara, ya mutanen Funtua baki ɗaya? Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya tsufa da fartanya kafin ya riƙe alƙalami a makarantar dare. Na zaɓi takarda ne don a waya kina katse ni, ni kuma tun ina yaro ban iya mayar miki da magana ba. Manu direba zai kawo miki.

Kin san farkon abin, amma ba ki san yadda ya kasance bayan tafiyarki ba. Mansura ta zo gida goyon ciki, naƙuda ta kama ta a wata na bakwai. Uwarta ta rasu, babu mace a gidan, ni na kawo ta asibiti. Yaron da aka haifa bai cika tafin hannuna biyu ba. Kwalaben da ake sa bakwaini duk da yara a ciki. Nas ɗin ɗakin, Sista Laraba, ta ce ƙirjin uwa ma kwalba ne. Ta koya wa Mansura ta ɗora shi tsirara a tsakanin nonuwanta, fata da fata, a sa masa hula, a ɗaure da zane, ɗumin jikinta ya riƙe shi.

Hajiya Maijidda, uwar mijinta Ɗanasabe, ta zo daga Maska. Ta ɗaga zane ta leƙa, ta ce kada kowa ya wahala da neman rago, abin nan ba mai zama ba ne. Ɗanasabe ya bi bayanta, suka koma a mota ɗaya. Wannan bai yi mini zafi sosai ba, su ba jinina ba ne.

Naki ne ya yi mini zafi, Yaya. Kin shigo kin tarar da yarinyar da yaro a ƙirji, ko sannu ba ki gama yi mata ba kika ce ba ki taɓa ganin 'yar gidanmu ta rungume ɗan fari a gaban jama'a ba, ina kunya, ina kara, so take a ce uwarta ba ta yi mata tarbiyya ba? Kin san inda kika taɓa. Kina fita ta kwance zanen, ta ajiye shi a kan katifa, ta juya fuskarta bango. Kafin la'asar na taɓa ƙafarsa na ji ta kamar ruwan randa.

Na zaci Sista Laraba za ta yi mata faɗa, don na ji yadda take yi da masu tofa yawu a baranda. Ba ta yi ba. Ta zauna a bakin gadon ta ce ita ma 'yar nan ce, daga gidan Maguzawa ta fito, kuma uwarta har ta bar duniya ba ta taɓa kiran sunan babban wansu ba, sai dai ta ce wancan. Ta ce ta san kunyar ɗan fari ba wasa ba ce, amma kunya don idon mutane ake yin ta, to ita za ta kawar da idon. Ta ɗaura igiya daga taga zuwa ƙarfen gado, ta rataya zanen da take ɗaurawa in ta tashi aiki, ya zama labule. Duk da haka Mansura kuka kawai take yi, ta ƙi miƙa hannu.

Yaro kuwa ba zai jira ba. Sai nas ta dube ni ta ce Baba, ƙirjinka yana da ɗumi? Ta sa na tuɓe riga, na wanke jiki, ta ɗaura mini shi. Yaya, kamar ɗan tsako ne a jikina, ina jin zuciyarsa tana bugawa a kan tawa. Mazan da ke jinya a waje suka sa mini suna mai jego, wani yana tambayata ko an dama mini kunun kanwa. Mansura ta juyo ta gan ni zaune da gemu da goyo, dariya ta kama ta cikin hawaye. Can ta ce Baba, ba ni shi. Tun daga ranar muke karɓa-karɓa, in za ta ci abinci ko ta yi wanka ni ne.

Matar nan ta mayar da ni ɗalibi. Yadda ake karkata kansa don ya samu numfashi, yadda ake ba shi tatsattsen nono kaɗan-kaɗan, abin da za a yi in leɓensa ya canza launi. Ba ta yarda da to, sai na maimaita mata da bakina kamar a gaban allo. Masarata tana can tsaye ba a karye ba, gara ta ci abin da za ta ci.

Ban rubuto don in ɓata miki rai ba. Na so ki san yana raye. Ki gaishe da Alhaji da kowa da kowa.

Ƙaninki,
Sanda.


Dayi,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Yaya Kulu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da girmamawa, tare da fatan kun tashi lafiya. Ya jiki, ya hidimar gida? Mun dawo gida, an sallame mu da yaro a raye, alhamdu lillahi.

Manu ya kawo mini saƙonki na baki. Kin ce ke ba ki faɗi komai ba sai abin da iyayenmu suka faɗa mana, kuma an fara zance a Funtua wai Sanda ya zama mace a asibiti. Haka ne, iyayenmu sun faɗa. Amma 'ya'yan da aka yi wa wannan kunya akwai kaka a ɗaki mai ɗauka, akwai gwaggo mai goyawa. Wannan wa ya ɗauka? Daga Funtua zuwa Malumfashi ba Makka ba ne, sau ɗaya kika zo. Sista Laraba, wadda ba ta haɗa komai da mu ba, ko addini, ita ta riƙa sayo wa Mansura kunu in ta ga ba ta ci komai ba. Masu zancen kuma ki ce musu ban musa ba.

Akwai abin da ban gaya miki ba. A asibiti kowa abin nan yake ce masa, har ni. Sista Laraba ta ce ita ba ta jinyar abin nan, a faɗa mata sunan majinyacinta. Uban ba ya kusa, sai na yi masa huɗuba a kunne da Awaisu. Daga nan in ta shigo da safe sai ta ce ina Malam Awaisu, an sha ko ba a sha ba? Ranar da sikeli ya nuna ya ƙaru, ita ta riga mu murna.

Jiya sai ga Ɗanasabe da rago a bayan mashin. Rago ya samu tun da labari ya kai Maska cewa yaro ya yi nauyi. Na karɓa, haƙƙin uba ne, kuma ya yarda da sunan. Amma ya zo da saƙon uwarsa: wai ranar taron suna Mansura ta sauke yaron, a ba wata tsohuwa ta riƙe shi a ɗaki, ita ta zauna gefe da lulluɓi yadda aka saba, kada dangin miji su ga abin da zai ba su kunya.

Ga shi kuwa nas ta ja mana kunne kafin mu taho. Ta ce goyon ƙirji bai ƙare ba sai ranar da yaron da kansa ya fara harbin zane yana ƙi, kuma kada a riƙa yawo da shi hannu-hannu. Na buɗe baki zan yi magana, Mansura ta riga ni. Daga cikin ɗaki, ba ta ɗaga murya ba, ta ce a gaya wa Hajiya ta yi haƙuri, Awaisu ba zai sauka ba. Da sunansa ta faɗa, Yaya, a gaban mijinta da ubanta. Sai Ɗanasabe ya tambaya ko shi ma za a iya ɗaura masa. Ban san abin da zai gaya wa uwarsa ba, ban kuma tambaya ba.

Na je na gayyaci Sista Laraba. Ta ce ba za ta samu zuwa ba, an kawo mata wani bakwainin da ya fi namu ƙanƙanta.

Ranar Asabar za a yanka ragon a nan Dayi, in Allah ya kai mu. Ki zo, ki taho da Alhaji da yara da duk wanda ya ji labarin, har da masu zancen. Akwai buta da sabulu a bakin ƙofa, kowa zai wanke hannu, kuma kallo ne kawai, ba ɗauka. A ƙirjin uwarsa za ku same shi. Wanda ya ga abin kunya ya riƙe a ransa har ya koma gida. Ku dai zo ku gan shi, Yaya. Ya fara yin kumatu.

Ƙaninki,
Sanda.