Burodin turare don Inna

Daren Laraba, Gwandu

Bayana kamar zai tsage, amma sai na rubuta wannan kafin in kwanta. Tun da Inna ta tashi daga jinya ba ta cin komai sai kunu, ga haƙoran sun ƙare. Jiya ƙanwata Hadiza ta zo daga makaranta a Kalgo, ta nuna min a waya yadda mutanen Sin ke turara burodi mai laushi da naman alade a ciki. Na ce, "A'uzubillahi! Mu da rago za mu yi."

Yau na dafa ƙirjin rago da albasa da citta har ya narke. Kwaɓin farko ya ƙi tashi, ya fito da tauri. Na zauna bakin murhu na yi kukana, sannan na sake kwaɓawa da sabon yis.

Na biyu ya kumbura kamar alkubus. Inna ta gutsura, ta tauna a hankali, ta ce, "Ɗiyata, gishiri bai ji ba." Amma ta cinye rabi. Rabon da ta kushe girkina tun kafin ciwon nan.

Gobe zan ƙara gishiri. In sha Allah sai ta cinye guda.