Tsutsar Kofaton Kesar

Ratanpar, Alhamis, 8 ga Satumba, 1994, ƙarfe biyar na yamma.

Zuwa ga Gwaggo Vasanti,

Jai Jinendra, sallamar addininmu, tare da gaisuwa ta ladabi. Ina fatan kina lafiya, sanyin Nairobi kuma bai tayar miki da ciwon gwiwa ba. Ina rubuta wannan takarda a zauren gidanki, kafin rana ta faɗi, don maƙwabcinmu Dilip zai tashi jibi ya kawo miki hannu da hannu. Tarho kuwa kin san yana ɗakin Baffa Hasmukh. Inna tana lafiya, yau kwana bakwai tana azumin Paryushan, kwanakinmu takwas masu tsarki, da dafaffen ruwa kawai. Ƙanwata Falguni ta ci jarrabawarta.

Gwaggo, maganar Kesar ce, saniyar da marigayi mijinki ya fansa daga hannun mahauta, wadda kika ba gidan dabbobin al'ummarmu amana da za ki tafi. Tana raye, amma ba ta iya tsayuwa sosai. Tana ɗaure a tsakar gidanki, ina hango ta daga nan.

Mako biyu kafin Paryushan, Baffa, da yake shi ne shugaban gidan dabbobin, ya je kasuwa ya fanso awaki tamanin, ya shigo da su gari da makaɗa da mai hoto, shi a gaba cikin fararen kaya. Watana uku kacal da fara aikin likitan dabbobi a gidan, amma na duba bakunansu, na ga shida suna dalalar da yawu da gyambo a dasashi. Na roƙe shi a ware su. A gaban mutane ya ce wai ɗan jiya da takardar jiya zai koya masa jinƙai, shi da bai taɓa ɗanɗana ko albasa ba don gudun kashe rai. Ya ce masu sadaka za su zo su ciyar da su da hannu, kuma hoto ba ya kyau da garke a rabe. Aka haɗa su da tsofaffin shanu, ciwon baki da kofato ya kama sha ɗaya, har da Kesar.

Kofatonta na baya ya tsage, ƙuda ya yi ƙwai a ciki, tsutsa ta cika shi. Akwai maganin da ake ɗigawa su mutu nan take. Baffa ya kulle shi a kabad, ya ce ba za a kashe rai ko ɗaya a gidan ba cikin kwanaki masu tsarki, sai dai in cire su da hantsaki da ransu in zuba a gwangwani da dusa. Na yi, Gwaggo. Kwana huɗu ina yi safe da yamma, ban matse ko ɗaya ba. Amma na ciki hantsaki ba ya kai musu, suna cin ta tana nishi. Shi kuwa bai taɓa leƙa garken ba, wai wari yana karya masa natsuwar addu'a. Gwangwanin dai yakan sa a kai masa ofis, ya nuna wa baƙi. Mutumin da yake share ƙasa kafin ya zauna don kada ya danne tururuwa, saniya ce ta yi masa girma har ya kasa ganinta.

Ba addininmu nake rainawa ba. Ke kika koya mini tace ruwa da ƙyalle, kika ce ran tsutsa da nawa iri ɗaya ne, kuma har yau na yarda. Na je wurin malaminmu Maharaj na tambaye shi. Ya ce shi mai zuhudu ne, bakinsa ba zai ce a kashe ba, amma wanda ya kawo ciwon ya fara duba nasa hannun. Da na isar wa Baffa, sai ya ce tsohon ya soma ruɗewa. Gwano ai ba ya jin warin jikinsa.

Jiya da safe na tuna dokarsa ta cikin gidan dabbobin ce kawai, Kesar kuma taki ce. Na sa aka ɗora ta a amalanke, na kawo ta nan, na sayo maganin a kanti na ɗiga. Tsutsa talatin da bakwai suka fito matattu. Na ƙirga su ne don in san abin da na ɗauka. Baffa ya aiko cewa mahauci ba ya aiki a gidan jinƙai, kada in sake taka ƙofar, ya kuma ce Inna ta haifa wa dangi abin kunya. Ta yi kuka, sannan ta tambaye ni ko saniyar ta ci abinci. Kesar ta ci dusa kaɗan da rana.

Ki gaishe mini da Yaya Paresh da matarsa Rupal da yara. Inna da Falguni suna gaishe ki. Ga abin da ban sani ba har yanzu, don kada in faɗa miki abin da ban tabbatar ba. Ban sani ba ko ruɓar ta kai ƙashi. Ban san wanda yake duba sauran shanun goma ba. Ban sani ba ko ke ma za ki ce na yi laifi. Gobe kuma ranar neman gafara ce, Baffa zai tsaya ya haɗa hannu ya nemi yafiyar dukkan mai rai, sannan ya jira in durƙusa in nemi tasa. Ta tsutsotsin zan nema da zuciya ɗaya. Tasa ce ban sani ba ko bakina zai iya.

Ɗanki mai biyayya,
Mitul