Tambayoyin da Marigayi Bai Yi Mini Ba

Anti Husaina, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Darmanawa, kuma an ce duk wadda ba ta ci jarrabawar lasisi a bana ba, za a sallame ta. Mijina Isyaku, Allah ya jiƙansa, ɗan adaidaita ne, karatunsa bai yi nisa ba, amma shi yake riƙe mini littafin tsofaffin tambayoyi. Ina tuƙa tuwo yana jefo mini tambaya, ina amsawa, yana dariya yana kirana likita. Ban taɓa faɗuwa a hannunsa ba.

Da na fita takaba, abokiyar aikina Ebere ta ja ni gwajin share fage a Tarauni. Anti, na sha kashi. Maimakon a ce in lissafa alamomin zazzaɓin cizon sauro, sai aka kawo labarin yaro mai zazzaɓi da amai da gudawa, wai me zan fara yi. Nan na maƙale har lokaci ya ƙare. Yanzu ban sani ba, baƙin ciki ne ya cinye mini kai, ko dama can ban iya komai ba, marigayi lallaɓa ni kawai yake yi? Wannan tunanin ya fi faɗuwar yi mini ciwo.

Maman Mubarak, Gyadi-Gyadi

Maman Mubarak, Allah ya jiƙan Malam Isyaku, ya ba ki haƙuri. Bai yaudare ki ba. Tambayoyin jarrabawa hawa-hawa ne: akwai na hadda, akwai masu neman dalili, akwai masu kawo mara lafiya gabanki su ce ki yanke shawara. Na haddar yake zaɓo miki, domin su ne zai iya gane ko kin amsa daidai. Abin da kika iya kin iya shi da gaske, sai dai hadda kaɗai ba ta ba da lasisi. Rashi ma yana taɓa natsuwa, kada ki tsananta wa kanki.

Ki ware masu labarin daga cikin tsofaffin tambayoyin, ki ba su mafi yawan lokacinki, ke da Ebere. A wurin aiki kuma, duk mara lafiyar da ya shigo, ki tsara a ranki abin da za ki fara yi kafin babbarku ta faɗa. Ranar jarrabawa ki fara kwashe masu sauƙi. Wadda ta cije ki wuce ta, kya dawo mata. Allah ya ba ki sa'a, ya raya Mubarak.